Modem Ɗin da Ke Katsewa Bayan La'asar

A duk ginin tashar talabijin ɗin da nake aiki a Jidda, mu biyu ne kawai ke jin Hausa, kuma ɗaya daga cikinmu ba ya magana. Ni ne Munir, mutumin Yelwa, kwantiragi ne ya kawo ni ina kula da sauti. Ɗayan kuwa shi ne Abdulghaffar Jaji, wanda ake kira Abu Lama, mai kula da ɗakin na'urori. Ranar da na kama aiki aka ce mini akwai ɗan'uwana a ƙasa. Na sauka da murnata, na zuba masa gaisuwa tun daga gajiya har kan iyali. Ya tsaya ya saurare ni har na dasa aya, ya ce, "Tamam," wato "daidai" da Larabci, ya juya ya ci gaba da ɗaure wayarsa. Na hau sama ina cewa a raina wannan Bahaushen suna ne kawai.

Daga baya na san asalinsa, kuma ba daga bakinsa ba. Kakansa ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa domin aikin hajji. Ya sauke farali, ya ce bari ya ɗan huta a unguwar Karantina kafin ya kama hanyar gida. Yana cikin hutun ne ya yi aure, ya tara 'ya'ya da jikoki, ya rasu. A nan Karantina aka haifi Abdulghaffar. Fasfonsa kore ne irin nawa, amma abin da ya sani game da Najeriya bai wuce abin da ke jikin bangon fasfon ba. Zamansa a garin da aka yanke masa cibiya yana rataye ne da iƙama, wato takardar izinin zama, iƙamar kuma tana rataye da tashar, domin ita ce kafilinsa, mai tsaya masa a wurin hukuma.

Gyaran rediyo ya koya tun yana saurayi, a shagon wani tsohon Balarabe Bahadarame a unguwar Hindawiyya. An ce shi ma tsohon ba ya magana, don haka ina jin a can ya sauke karatun shirun. Daga rediyo ya koma talabijin, daga talabijin ya shiga tasharmu, ya zauna a ɗakin ƙasa tare da na'urori, inda sanyi ya fi na kowane ɗaki kuma babu mai tambayarsa ya ya kwana.

Tasharmu ƙarama ce, mai ita kuma ba ya zubar da duk abin da fitilarsa ke kamawa. Shi ya sa har yau muke da modem irin wanda ke bin layin tarho na girke, mai kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa. Amfaninsa ɗaya ne. Muna da shirin kai tsaye da yamma inda likita ke amsa tambayoyin masu kallo, kuma ana sa rubutu a ƙasan hoton domin kurame su karanta abin da ake faɗa. Mai buga rubutun ita ce Lailatu, matar Abdulghaffar, daga gida take aikin. Takan kulle ɗaki, ta toshe kunnuwanta da abin sauraro, likita yana magana tana bugawa. Kwamfutarta na kiran tasha ta layin gida, modem ɗinmu ya amsa, ya miƙa wa wani akwati da ake kira inkoda, shi kuma ya manna rubutun a jikin hoto. Idan komai na tafiya daidai, wata koriyar fitila takan tsaya cak a goshin modem ɗin. Aikin Abdulghaffar a duniya shi ne kada wannan fitila ta mutu.

Sau ɗaya na taɓa jin ya yi doguwar magana, ranar da na tambaye shi dalilin kukan modem ɗin.

"Gaisawa suke," in ji shi. "Wannan ya ce ina wuni, wancan ya ce lafiya. Sai sun gama rubutu ke wucewa. In wani ya sa baki a tsakani, halas, shi ke nan."

Na ce, "Ashe har modem ya fi ka iya gaisuwa."

Ya ce, "Tamam."

Duk gaisuwar gidansu wurin mahaifiyarsa ta taru. Hajiya Turai sunanta. Na je yi mata barka da salla tun suna Karantina, na fito gwiwoyina na ciwo saboda tsugunno. Kunnenta ya riga ya yi nauyi a lokacin, ba ta jin amsar da kake ba ta, amma takan bar wa amsar wurinta. Ta ce ina gajiya, ta yi shiru daidai tsawon "ba gajiya," sannan ta wuce gaba. Kuma ba ta ɗaukar wasa da Hausa. A gabana jikarta Lama, wadda Larabci ya cinye wa harshe kamar sauran yaran Jidda, ta zo dab da kunnenta ta ce, "Kaka, ka ci abinci?" Wannan kam ta ji shi sarai.

"Ni ce 'ka'? Gemu kika gani a fuskata? 'Kin ci' ake cewa. Namiji 'ka', mace 'ki'. Ko a cikin barci ban taɓa haɗa su ba."

Al'adarta ce tun tana amarya, idan ta idar da sallar la'asar ta gama lazimi, sai ta yafa mayafi ta bi gidajen maƙwabta tana gaisuwa. Da gwiwa ta ƙi, sai ta koma yi ta tarho, wani kore mai nauyi irin wanda ake juya lambobinsa da yatsa. Wadda take fara kira kullum ita ce Hindatu, aminiyarta, wadda ƙofar gidanta ke kallon tasu. Daga inda take zaune tana hango labulen Hindatu, amma sai ta juya lamba.

Sai aka zo aka rushe Karantina. Mutane suka watse, kowa ya nufi inda ya samu. Abdulghaffar ya kama haya a wani bene can gabashin gari. Ranar tashi, Hajiya Turai ta bar masu kwasar kaya suka yi yadda suka ga dama da gado da tukwane, amma koren tarhon a cinyarta ya yi tafiyar. Hindatu kuwa ɗanta ya tafi da ita wajen gari, ba ta daɗe a can ba Allah ya yi mata rasuwa. An gaya wa Hajiya Turai. Ta gyaɗa kai ta ce madalla, a gaishe ta. Aka dubi juna, kuma ba a samu wanda ya maimaita ba.

Ba a jima da komawarsu sabon gidan ba modem ya fara iskanci. Shiri zai fara lafiya, rubutu na gudu a ƙasan hoto, can sai haruffa su rikice. Likita yana bayanin hawan jini, rubutu yana nuna taurari da alamomin tambaya da wasu haruffan da ko mai su bai san su ba. Daga nan koriyar fitila ta mutu. Lailatu ta yi ta sake kira layi ya ƙi shiga, sai can an ci rabin shiri ya dawo don kansa kamar ba shi ya yi ba.

Kurame kuwa ba su da wasa wajen rubutu. Saƙonni suka yi ta shigowa, wani ma ya ɗauki hoton allon ya turo yana tambaya ko wannan ne sunan maganin. Mudir ɗinmu, wato shugaban tashar, Ustaz Abdulmohsen, ya sauko ɗakin na'urori da kansa, abin da bai saba ba saboda sanyin na taɓa masa ƙirji. Ya yi magana da Larabci, a hankali, ba tare da faɗa ba. Ya ce akwai kamfanin da ya yi alkawarin yin rubutun nan ta intanet, babu modem, babu mai gadin modem. Ya ce shi ba ya son haka, domin Abu Lama ya daɗe tare da su. Sannan ya tambaya, kamar wanda abin ya faɗo masa yanzu, wai ba a watan gobe ne iƙamar Abu Lama ke ƙarewa ba?

Abdulghaffar ya ce, "Aiwa," wato haka ne.

Ni ne na kasa cin abinci a ranar. Mutum ya haura hamsin, ga uwa, ga mata, ga 'ya, a ce ya nemi sabon kafili da sana'ar gadin na'urar da duniya ta manta da ita. In bai samu ba kuma a ce ya koma gida, gidan da bai san ko ta wace ƙofa ake shigarsa ba. Na ji tsoro ƙwarai, na kuma ji haushinsa da ya zauna yana cin gurasar tamis da wake kamar ba da shi ake ba.

Amma ya kama aiki. Ya fara da abin da kowane mai gyara ke farawa da shi, wato ya kashe ya kunna. Ya canza wayar da ta haɗa modem da inkoda. Ya canza wadda ta haɗa modem da bango. Ya ɗauko wani tsohon modem daga sito, ya busa masa iska, ya sa shi a madadin na farko. Ya rage gudun da na'urorin ke magana da juna, ya sake ragewa, har rubutu ya koma tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Ya kashe tsarin nan da ke sanar da kai wani na kira alhali kana kan layi. Ya matsar da modem nesa da na'urar sanyaya ɗaki. A gida ma ya yi wa kwamfutar Lailatu irin wannan hidima. Ya kira kamfanin tarho, suka turo mutum ya gwada layin da safe, ya ce layin nan ya fi shi lafiya. Da yamma fitila ta mutu.

Ni ma na ba da tawa gudummawar. Na ce ko a samu wanda zai tofa wa akwatin addu'a. Ya dube ni, ya ce akwatin ba shi da laifi.

Abu na farko da aka lura da shi shi ne, fitilar na mutuwa ne jim kaɗan bayan Abdulghaffar ya dawo daga sallar la'asar. Masu surutu a tasha suka ce ai modem ɗin fushi yake idan aka bar shi shi kaɗai. Sai ya koma shimfiɗa dardumarsa a gabansa, yana sallama yana duban fitila. Ba ta fasa mutuwa ba. Ana nan sai ya gane wani abu da ya fi wannan. Shirinmu da agogo yake farawa, ba ya motsi. Lokacin la'asar kuwa yana matsawa kaɗan-kaɗan yadda rana ke sauyawa. Matsalar ba agogo take bi ba, ladan take bi. Idan kiran salla ya matsa gaba, ita ma sai ta matsa.

Na ce, "To, modem ɗinka ya musulunta."

Bai yi dariya ba. Ya ce wataƙila lasifikar wani masallaci ce ke shiga layin idan an kunna ta, ko kuma wani injin da ake tayarwa bayan salla. Ya ce hanya ɗaya ta rage, ya saurari layin da kunnensa lokacin da abin ke faruwa. Ya ce in zo in taya shi, tunda ni ne mai sauti, ko zan gane irin ƙarar.

Washegari ya jona wani tarho a layin da modem ɗin tasha ke kai, muka zauna muna jira. Shiri ya fara, likita ya kama bayanin ciwon suga, rubutu na tafiya. Can sai haruffa suka fara rawa. Abdulghaffar ya danna maɓallin lasifikar tarhon. Kukan modem ya cika ɗakin, a ƙarƙashinsa kuma ana jin wani ƙas-ƙas-ƙas, ya tsaya, ya sake. Na san wannan ƙarar tun ina yaro, ƙarar juya lamba ce da yatsa. Fitila ta mutu, modem ya yi shiru, amma da yake tarhonmu na buɗe, layin bai yanke ba. Sai murya ta fito, tas, kamar tana cikin ɗakin.

"Salamu alaikum. Hindatu, ina wuni?"

Aka yi shiru daidai tsawon amsa.

"Ina gajiya? Ya ƙafar taki? To, madalla. Ya yaran?"

Na dubi Abdulghaffar. Yana tsaye da sukudireba a hannu, bai motsa ba. Daga baya ya gaya mini cewa shi da kansa ya jona mata koren tarhon a ramin bangon ɗakinta ranar da suka tare, don ta daina tambaya. Ya ɗauka ramin matacce ne. Bai taɓa gwadawa ba, kuma duk binciken da ya yi a gidan bai shiga ɗakinta ba, domin ba ɗakin da yake shiga ba ne sai da dalili.

"Yau layin shiru," in ji Hajiya Turai. "Kullum ina jin ki sama-sama, kina ta magana ba na ganewa. Yau ko wannan babu. Hindatu? Kina ji na?"

Kukan modem take nufi. Kunnenta ya kai inda muryar mutum da kukan na'ura duk ɗaya suke a wurinta. Wata da watanni tana gaisawa da shi, yana amsa mata.

"Hindatu?"

Abdulghaffar ya sunkuya dab da tarhon. Ya ɗaga murya yadda ban taɓa ji ba, ya ce, "Ina ji."

"Yauwa, ko ke fa. Mu nan lafiya lau. Gidan sama ne, ba a ganin kowa, tagar ma bango take kallo. Lailatu na ƙoƙari, amma da yamma kulle kanta take yi. Abdulghaffar kuwa kin san shi. Yaron kirki ne, bai rage ni da komai ba. Sai dai zai shigo ya ce 'Ummi,' in ɗago, ya riga ya wuce. Ban san muryarsa ba yanzu, Hindatu. Ko da kunnen nawa na da lafiya ban san ta ba."

Ana cikin haka Ustaz Abdulmohsen ya turo ƙofa, hannunsa dafe da ƙirji. Allon da ke bango na nuna likita yana ta bayani, ƙasansa fayau babu ko harafi. Ya tambaya da Larabci me ke faruwa, muryar wace ce wannan. Abdulghaffar bai juyo ba. Ni na ce gwajin layi muke yi, an gano matsalar. Ya tsaya ya ɗan saurara, bai gane ko kalma ɗaya ba, ya ce yalla, a hanzarta, ya fita.

Ba mu hanzarta ba. Hajiya Turai ta bi mutanen Karantina gida-gida tana tambayar lafiyarsu, masu rai da waɗanda suka riga mu, ɗanta yana cewa lafiya lau. Ni na juya baya ina duba wasu wayoyi da babu abin da ya same su, domin hawaye ne suka zo mini, kuma ba na son ya gani. Sai da ta yi sallama ta ajiye, sannan ya kashe tarhon. Nan take kiran Lailatu ya shigo, na'urorin suka gaisa, fitila ta kama.

Gyaran kansa ba shi da wuya, cire waya ɗaya ne daga bango. Na tambaye shi ko zai cire. Ya ce dole ne, in ba haka ba babu aiki, babu iƙama, babu gidan ma da za ta zauna a ciki. Na ce to ita fa? Ya tattara kayan aikinsa ya nufi gida.

Ya cire. Amma ya biya kasuwa ya sayo wani ɗan akwati da ake sa wa layin salula a jona masa tarhon girke, ya ɓoye shi a bayan gadonta. Ya saita shi yadda ko wace lamba ta juya, wayar da ke aljihunsa ce za ta yi ƙara. Tun daga ranar fitila ba ta sake mutuwa ba. Kurame suka daina rubuto mana, wanda a wurinsu shi ne yabo. Ustaz Abdulmohsen ya sa hannu aka sabunta iƙama, ya kuma ce dama shi ya san matsalar daga kamfanin tarho take.

Yanzu kullum bayan la'asar wayar Abdulghaffar takan yi ƙara a ɗakin na'urori. Yakan sa ta a lasifika ya ajiye kusa da modem, don hannunsa ya samu sararin aiki, idonsa na kan fitila yana amsawa da ƙarfi. Lafiya lau. Ba gajiya. Ƙafa da sauƙi. Yara suna nan ƙalau. Mutumin da na yi shekaru da ƙyar nake jin ya haɗa jimla uku, yanzu har ya iya cewa "sai godiya" a inda ya dace. Nakan sauko in zauna, wai ina duba sauti.

Na taɓa ce masa abin nan bai kwanta mini ba, tsohuwa tana gaisawa da wadda ke kabari. Ya ce shi ma bai kwanta masa ba. Ya ce ya yi niyyar gaya mata, ya shiga ɗakin har sau biyu, ya zauna, suka dubi juna, ya ce "Ummi," ya fito.

Ranar wata Laraba ina zaune ta kira kamar kullum. Ta yi gaisuwarta tsaf. Kin wuni lafiya, ya ƙafarki, kin sha maganin kuwa, ki riƙa shafa man zaitun da ɗumi. Ta ba da labarin wata tattabara da ke sauka a tagarta. Ta yi ƙorafin cewa shinkafar yanzu ba ta da ƙamshi. Da ta zo sallama sai ta ɗan yi shiru, wanda ya fi tsawon na amsa.

"To, sai gobe in Allah ya kai mu," in ji ta. "A koma bakin aiki, kada a yi faɗa. Allah ya yi maka albarka."

Ta ajiye.

Na jira ya ce wani abu. Na ce a raina ko kuskure ta yi da ta ce "maka" maimakon "miki", sai na tuna da gemun da ta tambayi Lama. Abdulghaffar ya ɗauki wayar ya daɗe yana kallonta, sannan ya sa a aljihu. Ya ja tsumma ya goge saman modem ɗin, wanda babu ko ƙura a kansa.

"Fitila na nan," in ji shi.

Na ce, "Tamam."